Ina son a yi min tiyatar rage ƙiba, me zan tarar bayan na farka?

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, a Kubwa nake, yarana uku. Nauyina kilo 128, tsawona mita 1.62. Ina da suga shekara biyar kenan, gwiwoyina sun hana ni sujada sai a kujera nake sallah. Na sha shayin rage ƙiba kala-kala, na yi dayet har na gaji, in na rage kilo 8 sai 12 su dawo. Yanzu na fara tunanin tiyatar nan da ake rage ciki, wata ejan ma ta turo min farashin Turkiyya. Maigida tsoro yake, Mama kuma ta ce kar in kuskura in taɓa halittar Allah. Ni ba bayanin talla nake so ba, ya mutum yake ji bayan an yi? Da zafi? Zan ƙara cin tuwo? Azumi fa? Kuma ina son in ƙara haihuwa ko ɗaya ne."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya. In na fahimce ki da kyau, hotunan kafin tiyata da na bayan tiyata kin gan su har kin gaji, abin da ba a nuna miki ba shi ne watannin da ke tsakanin hotunan nan biyu, ya ake kwana, ya ake tashi, me ake ci, me mutane ke cewa. To a nan zan fi tsayawa. Ni aikina ɓangaren abinci ne a asibiti nan Abuja, masu irin wannan tiyatar nake bi kafin a yi musu da kuma bayan an yi, wasu a nan aka yi musu, wasu a Legas, da yawa kuma daga Turkiyya ko Indiya ko Masar suka dawo. Ni ba likitar tiyata ba ce, kuma ban gan ki ba, ban ga takardun gwajinki ba, saboda haka hukuncin a yi ko kar a yi yana hannun likitan da zai duba ki da kansa.

Kin kai wanda ake yi wa?

Akwai ma'aunin ƙiba da ake ce wa BMI, ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Naki 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, in aka raba 128 da shi za ki samu kusan 49. Tsohuwar ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 1991 ta ce ana yin tiyatar daga BMI 40, ko daga 35 in akwai wani ciwo kamar suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fannin suka sauko da ita, daga 35 ko babu wani ciwo, daga 30 in akwai suga. Ko da wacce aka auna ki kin shige ciki da nisa.

Kuma dan Allah ki daina ganin laifin kanki a kan kilo 8 ɗin da ke tafiya 12 su dawo. Jiki ne yake kare nauyin da ya saba da shi, kina rage ci zai ƙara miki yunwa ya kuma rage yawan abin da yake ƙonawa, haka yake yi wa kowa, shi ya sa wanda ya kai irin nauyinki da wuya dayet kaɗai ya riƙe shi shekaru. Shayin nan kuwa yawancinsu zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kuma ga mai suga wannan wasa ne da ƙoda, ki ajiye shi tun yau.

Abu ɗaya da nake tambayar matanmu a asirce, kin taɓa shan maganin ƙara ƙiba lokacin 'yanmatanci ko lokacin biki, irin su sha ka fashe, ko kina shan wani maganin ciwon gwiwa da wani ya haɗa miki a kemis? Da yawansu akwai wani magani mai ƙarfi da ake ce wa sitiroyid a ciki, yana sa ƙiba yana kuma tayar da suga. In akwai ki faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne, yana canja lissafi sosai.

Maganar Mama, tsoro ne irin na uwa, ki bi ta a hankali. Ita a ganinta kwalliya za ki je yi. Ki je da ita wajen likita ta ji da kunnenta me suga ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa in ya daɗe, in kuma akwai malamin da take yarda da shi ku kai masa tambayar a matsayin neman magani, da bayanin likita a hannu. Tiyatar ba sabuwa ba ce, wani likita Edward Mason ne ya fara irin wadda ake ce wa baifas, da zan yi bayaninta a ƙasa, a jihar Iowa ta Amurka a 1966. A Suwidin an fara wani babban bincike a 1987, aka bi mutane sama da 4,000 shekara da shekaru, kusan rabi an yi musu tiyata rabi ba a yi ba, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna mutuwa ta fi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa. Shi ma maigida tsoronsa na kan hanya, tiyata ce babba. A asibitin da suka ƙware suna yi a kai a kai, wanda ke rasa ransa a watan farko kusan 1 ne cikin 1,000, kusan daidai da tiyatar cire maɗaciya. Amma ki riƙe kalmar "suka ƙware", zan dawo kanta.

Silif ko baifas

Guda biyu ne aka fi yi yanzu, duka ta 'yan ƙananan huji a ciki ake yi da kyamara, ba a farke ciki. A silif ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama siriri mai siffar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa da yawa suke ce min sun manta ya yunwa take a watannin farko. Ba a mayar da shi, abin da aka cire ya tafi kenan. A baifas kuma ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin wanda bai wuce cin cokali biyu ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Baifas ya fi ƙarfi a kan suga, kuma shi ya fi dacewa da mai yawan ƙwarnafi da zafin ƙirji, don silif yana iya ƙara wannan matsalar. Amma baifas ya fi jawo ƙarancin jini da ƙarancin bitamin, ya fi buƙatar gwaji a kai a kai. Ke kina da suga, wannan na jan ki zuwa baifas, kina kuma son haihuwa, wannan na sa a ƙara tunani. A ra'ayina duk likitan da ya zaɓa miki ɗaya ta WhatsApp ba tare da ya tambaye ki ƙwarnafi ba, bai ga jininki ba, bai zura kyamara ta baki ya leƙa tumbin ba, to ba da ke yake magana ba, da kuɗinki yake.

Kafin ranar akwai gwaje-gwaje, jini, matsakaicin suga na wata uku, ƙoda, hanta, tayirod, zuciya, ƙwayar cutar nan mai sa olsa da ta yi mana yawa a nan, in akwai sai an kashe ta tukuna. In kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa a barci ki faɗa, mai ba da allurar barci yana buƙatar sani. Sannan kusan sati biyu kafin tiyata za a ɗora ki a kan abinci mara sitaci sosai don hanta ta rage girma, saboda ita ke rufe wajen da za a yi aikin. Wannan sati biyun da wuya, ciwon kai, kasala, saurin fushi, amma wacce ta iya riƙe su na lura ita ke fi samun sauƙin abin da ke gaba.

Kwanakin farko

Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne. Kina farkawa abin da zai fara damunki yawanci ba hujin ba ne, tashin zuciya ne da bushewar baki da wani irin ciwo a kafaɗa da ƙirji da zai sa ki ce me ya haɗa kafaɗa da ciki, iskar da aka hura cikin da ita don a ga wajen aiki ce take taɓa jijiya, tana bajewa cikin 'yan kwanaki. Matan da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa da yawansu suna ce min zafin wannan bai kai na waccan ba. Ranar da aka yi nas za ta tashe ki ta ce ki taka, za ki ji kamar mugunta ce, ki tashi, tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa ya wuce huhu, wanda yana cikin abubuwan da suka fi haɗari bayan wannan aikin. Kwana ɗaya zuwa uku ake yi a asibiti in komai lafiya.

A gida ne ainihin abin yake farawa. Za ki ɗauki kofin ruwa da ƙishirwa ki ga kurɓa ɗaya ta tsaya miki a ƙirji, sai kin jira kafin ki ƙara, kuma an ce ki sha lita ɗaya da rabi a rana, to lissafa ki gani, kusan wuni za ki yi da gora a hannu kina kurɓa kaɗan-kaɗan, kuma a zafin Abuja na watan Fabrairu zuwa Afrilu wannan ba ƙaramin aiki ba ne, abin da ya fi mayar da mutane asibiti a watan farko rashin ruwa a jiki ne. In fitsari ya koma ja-ja ya ragu, jiri na ɗibar ki in kin miƙe, ki je a ƙara miki ruwa, kar ki jira.

Kuma zan faɗa miki abin da ejan ba za ta faɗa ba. A satin farko ko na biyu akwai daren da za ki zauna ki ce wai me ya kai ni. An dafa shinkafa da miya a gidan, ƙamshi ya cika ko'ina, yara na ci, ke kina riƙe da romo a kofi, cikinki ba ya jin yunwa amma ranki na so, wasu har kuka suke yi. Na ga matan da suka fi kowa ƙarfin hali sun kira ni suna cewa da sun sani da ba su yi ba. Yawancinsu bayan wata biyu zuwa uku in na tuna musu sai su ce ai wancan lokacin ya wuce. Ki sanar da maigida tun yanzu cewa wannan ranar za ta zo, don kar ya ce ai da ma na faɗa miki, a ranar lallashi kike buƙata. Wajen sati na uku kuma sikeli yakan tsaya cak na 'yan kwanaki, nan ma hankali ke tashi a ce aikin bai yi ba, jiki ne ke daidaita ruwansa, zai ci gaba.

Alamomin da ba a kwana da su a gida, bugun zuciya ya haura 120 a minti kina zaune, zazzaɓi, ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, sabon ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura, aman jini ko baƙin bayan gida. Waɗannan na iya nufin ɗinkin tumbin na yoyo, ko jini na zuba, ko ya daskare. Kar a ce maleriya ce a je kemis. Sai amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, shi ma asibiti, saboda bitamin B1 da jiki ke ajiyewa ba ya wuce 'yan makonni, in ya ƙare ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake taɓawa, ki ce musu an yi miki tiyatar rage ƙiba su ba ki B1 kafin su ɗaura miki ruwa mai suga.

Maganin sugarki ma dole a sake lissafa shi tun kafin a sallame ki. Sugar wasu yana sauka cikin kwanaki tun kafin su rage kilo ko ɗaya, in kika ci gaba da shan yadda kika saba, musamman insulin ko ƙwayoyin da ke faɗar da suga, zai iya faɗuwa ya sumar da ke. Ki mallaki na'urar gwaji a gida. Wasu suna rabuwa da magani gaba ɗaya, wasu ragewa ake yi, wasu kuma yana dawowa bayan shekaru, wanda sugarsa bai daɗe ba ya fi samun sa'a, shekara biyar ɗinki ba ta yi nisa sosai ba.

Tuwo

Za ki ci, amma ba yanzu ba, kuma ba irin cin da kika sani ba. Tsarin yakan ɗan bambanta daga likita zuwa likita, amma a taƙaice sati biyun farko ruwa-ruwa ne zalla, romon kaza ko na kifi da aka tace babu yaji babu mai, madara, kindirmo mara suga da aka sassauta da ruwa. Sati biyu na gaba abin da aka niƙa a bilenda ya yi laushi, alale mai taushi, wake da aka cire wa ɓawo aka dama, kifi a cikin miyar kuɓewa ko kuka. Daga nan abinci mai laushi, dafaffen ƙwai, awara da ba a soya ba, farfesun kifi, naman da ya dahu lugub. Wajen sati shida zuwa takwas ake fara komawa abincin gida.

Matsalarmu mu Hausawa da tuwo ita ce ba ma tauna shi, a gutsura a dangwali miya a haɗiye, haka aka koya mana tun muna yara. Sabon tumbi ba ya yafe wannan. Loma ɗaya da kika haɗiye a dunƙule za ta tsaya miki a ƙahon zuci, miyau ya dinga taruwa a baki, ki kasa zaune ki kasa tsaye har sai ta fito. Sakwara, teba, burodi mai laushi, shinkafa, taliya, duk halinsu ɗaya. Tsire da kilishi da soyayyen naman sallah su ma suna ba mutane wuya na tsawon watanni saboda bushewa. Sai kin koyi ƙaramin cokali, tauna har abin ya narke, ajiye cokali tsakanin loma da loma, minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da da can loma uku ne. Da kin ji alamar cika ki tsaya ko da saura cokali ɗaya ne, wasu alamar tasu shaƙuwa ce, wasu atishawa ko hanci ya fara yoyo. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai an yi kamar minti 30 da gamawa, wannan ma sai an yi yaƙi da sabo don mu kofin ruwa a gefen kwano yake.

Tunda wajen kaɗan ne, abin da ke gina jiki ake fara sakawa. Ana so ki samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kifi ko kaza mai nauyin giram 100 kusan 20 ko sama da haka, kofin kindirmo wajen 8. Kin ga in kika fara da tuwo ya cika wajen, ba inda kifin zai shiga, kuma in furotin ya yi ƙaranci tsokar jiki ce ke narkewa tare da kitsen. Ba sai kin sayi komai daga waje ba, kifi na nan a kasuwar Kado, wake da waken suya na nan a Wuse da Utako, garin furotin na gwangwani yana taimakawa a satin farko in da hali.

Inda na fi ganin mutane na faɗawa shi ne abin sha. Fura da nono da suga, kunun gyaɗa, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, shayi mai kauri, lemon kwalba, maltina, askirim, waɗannan ba sa tsayawa a tumbi, wucewa suke, za ki iya shan su wuni guda ba ki ji kin ƙoshi ba, kuma ta nan ƙiba ke dawowa. Mai baifas ma jikinta na hukunta ta nan take, minti 10 zuwa 30 bayan zaƙin sai gumi, bugun zuciya, jiri, murɗar ciki da zawo, wani lokacin kuma bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi ta fara rawar jiki. Abin sha mai gas kuwa ki ɗauka kun rabu.

Wata uku zuwa shekara

Nan ne daɗin yake, nan ne kuma surutun yake. Kilo na zuba, kayanki na yi miki yawa, kina hawa bene ba haki, minshari ya ragu. Wata da nake bi ta faɗa min ranar da ta fara kai goshinta ƙasa a sallah bayan shekaru a kujera ta daɗe ba ta ɗago ba, kuma gaskiya irin wannan ne ke sa nake son aikin nan. Gwiwar da ta riga ta goge ba za ta koma sabuwa ba, amma nauyin da ke kanta zai ragu sosai.

Ki sa ran rage kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinki cikin shekara ɗaya zuwa biyu, a wajenki kilo 32 zuwa 38 kenan, wato ki tsaya wajen 90 zuwa 96. Wasu na wuce haka, wasu ba sa kaiwa. In kina hango kilo 60 ne gara ki gyara tun yanzu. Bayan shekara biyu yawanci 'yan kilo kan dawo, wasu kuma da yawa ke dawo musu in aka koma ciye-ciye da zaƙi.

Gashi yana zuba tsakanin wata na uku da na shida, ki ga mataji ya cika, yana tsayawa ya sake fitowa, ki huta da kitso mai ja da shamfo mai ƙarfi a lokacin. Fata za ta saki a damtse da ciki da cinya da ƙirji, tafiya da ɗaga ɗan nauyi na taimaka wa tsoka amma ba sa mayar da fatar duka. Za ki dinga jin sanyi ko ba sanyi. Bayan gida na tauri. Saurin ramewa na iya kawo tsakuwa a maɗaciya, wasu likitocin na ba da maganin kariya na wata shida, ki tambaya.

Mutane kuwa, kin san mu. A gidan biki za a cika miki faranti a tsaya a kanki, ci mana Hajiya, ko ba ki da lafiya ne, dangin miji su fara tambaya ko ba ya ba ki abinci, wasu su koma gefe su ce ciwon zamani ne ko an yi miki asiri. Wannan na ci wa mata rai fiye da yadda suke zato. Ki yanke tun yanzu wa za ki faɗa wa, sauran kuma amsa ɗaya ta ishe su, likita ne ya sa ni a tsarin abinci saboda suga, kuma gaskiya ce. In da ma abinci ne wajen hucewarki in ranki ya ɓaci, to an rufe wannan ƙofar, damuwar za ta nemi wata hanya, kar ki ji nauyin ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, tun kafin tiyatar ma ya fi.

Bitamin har ƙarshen rayuwa ne, ba na wata shida ba. Haɗaɗɗen bitamin kullum, kalsiyam da bitamin D, maganin ƙarin jini musamman ga mai al'ada, da B12 wanda wasu allura ake musu duk wata uku. Kalsiyam da na ƙarin jini ba a haɗa su lokaci ɗaya, a ba su tazarar awa biyu. Gwajin jini a wata uku, shida, shekara, daga nan duk shekara. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu zuwa bayan shekara biyu ko uku, sun ga sun warke sun ajiye magani, ga jini ya yi ƙasa, ƙafa na dindiris, mantuwa, wani lahanin jijiyar ba ya gyaruwa duka. Ki sa kuɗin wannan a lissafinki tare da na tiyatar. Sannan ke mai ciwon gwiwa ki ji wannan da kyau, ibuprofen, diclofenac, Feldene da 'yan uwansu na iya huda miki olsa a wajen ɗinki, musamman a baifas, farasitamol ne naki sai abin da likita ya rubuta. Shisha da taba ma na iya jawo olsar.

Azumi da haihuwa

Yawancin likitocin fannin suna cewa kar a yi azumi a wata 6 zuwa 12 na farko, saboda ba za ki iya shan ruwan wuni guda tsakanin magariba da asuba ba, ga kuma suga. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara, a rama a wasu kwanakin, ki tambayi malami yadda ramuwar za ta kasance. Shi ya sa nake ba masu shiri shawara su sa ranar bayan ƙaramar sallah, kafin wani azumin ya zagayo sun yi nisa. In an ba ki izinin yi daga baya, buɗa baki da ruwa kaɗan-kaɗan da dabino ɗaya, ki yi sallah, ki dawo ki ci mai furotin, ki raba cin gida uku ko huɗu har sahur. Ƙosai da kunu da soye-soye a tashi ɗaya amai ne zai biyo baya.

Ciki kuma a jira wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ke zuba jariri ba zai samu abin da yake buƙata ba. Ki kula, haihuwa na buɗewa da wuri bayan an rame, na ga waɗanda suka yi shekaru suna nema suka samu a wata na huɗu ba shiri. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba a dogara da ita bayan baifas, robar hannu ko ta mahaifa ta fi. Ke 38 kike, in kika jira kin kusa 40, wannan zama ne da ya kamata ku yi da likitan mata ke da maigida kafin a sa rana. Ta ɗaya gefen kuma ɗaukar ciki a kilo 128 da suga shi ma haɗari ne babba gare ki da jaririn. In cikin ya zo daga baya ki faɗa a wajen awo cewa an yi miki tiyatar, za a bi jininki da girman jaririn sosai, kuma mai baifas ba a ba ta ruwan sugan nan na gwaji.

Maganar Turkiyya

Akwai ƙwararrun likitoci a can, ba na musu. Damuwata ita ce tsarin ejan, a kwana huɗu ko biyar a sallame ki, ki hau jirgi ki yi sama da awa 6 da sabon ɗinki, alhali yoyo na iya bayyana bayan kin dawo Kubwa, ki shiga asibitin da ba su san me aka yi miki ba. Na karɓi waɗanda suka dawo ba takardar bayanin aikin, wasu da takarda da Turkanci, ba tsarin abinci, lambar ejan kuma ta daina shiga. Ana yin tiyatar a wasu asibitocin kuɗi a Legas da nan Abuja. Ko ina kika zaɓa ki tambayi sunan likitan da zai yi da hannunsa, guda nawa yake yi a shekara, akwai ɗakin kulawa ta musamman, wa za ki kira ƙarfe biyun dare, in matsala ta taso wa zai biya. Na gida ki duba rajistarsa da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. In waje za ki, ki samu likitan tiyata a nan da ya yarda zai karɓe ki tun kafin ki sayi tikiti, ki zauna can har likita ya ce jirgi ba matsala, ki dawo da cikakken rahoto da Turanci, kuma kar ki tafi ke kaɗai.

Akwai kuma allurar nan ta rage ƙiba ta sati-sati, Ozempic da Wegovy da Mounjaro, tunda kina da suga ya kamata a tattauna ta. A binciken da aka yi a kan marasa suga, semaglutide, wato maganin da ke cikin Ozempic da Wegovy, na rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, tirzepatide na cikin Mounjaro kusan 20, amma in aka daina yawancin nauyin na dawowa, ga tsada duk wata, tana son firij, ba a ɗaukar ciki a kanta, kuma akwai jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024, kar ki saya a Instagram. Wasu likitocin na fara ta don a rage nauyi kafin tiyata.

In ni ce ke, wannan watan ba farashi zan nema ba. Zan je wajen likitan suga a yi min gwaje-gwajen nan, in ga likitan tiyata ido da ido tare da maigida, sannan in fara gwada sabon cin tun yanzu, ƙaramin faranti, furotin farko, tauna tuwo, raba ruwa da abinci, ajiye lemo. Ki yi wata ɗaya a haka ki rubuta abin da ya fi ba ki wuya, ki tafi da takardar ranar da za ki ga likitan. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ki gaida Mama.